Amsa: Shiga tsofaffin yadin jirgin ƙasa da masaƙun Kakuri

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya shiga tsohon yadin jirgin ƙasa na Zariya da masaƙun Kakuri da ke Kaduna ka ɗauki hotuna. Za ka iya, amma kada ka haura katanga. Wuraren nan suna da masu su. Yadin na hukumar jiragen ƙasa ne, kuma yawan satar ƙarafunan layin dogo ya sa masu gadi suke yi wa baƙon fuska kallon ɗan jari-bola. Ka je ofishin tashar da katin shaidarka, ka nemi izini, a haɗa ka da ma'aikaci.

Ni Zariya na fi so ka fara da ita. Layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ta nan ya ratsa, daga nan kuma reshen Ƙaura Namoda ya rabu. Har ƙaramin layin da ke hawa Jos ma daga Zariya yake tashi kafin a rufe shi a 1957. Ka nemi tsofaffin ma'aikata da ke zaune kusa da tashar, su ne za su nuna maka inda ake shayar da injin kwal ruwa.

Kakuri ta fi haɗari. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, kuma ginin da ya daɗe a rufe rufinsa kan ruɓe. Ka sa takalmi mai kauri saboda macizai da ƙusoshi, ka rufe hancinka, kada ka taɓa ragowar sinadaran rini. Ku je ku biyu, da rana.