Amsa ga 'yar uwa mai tambayar ko ta tsayar da antibayotik ɗin yaronta tunda ya warware

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa yaro sauƙi. Tun jiya da dare na ga tambayarki amma ina bakin aiki, sai yanzu na samu zama. Kin ce an rubuta masa amoxicillin na kwana biyar saboda ciwon huhu, yau kwana uku zazzaɓi ya sauka har yana wasa, kuma kin ci karo da wani rubutu mai cewa sabon bincike ya nuna ba dole ba ne a shanye antibayotik, shi ne kike tambaya ko ki tsayar. Kada ki tsayar da kanki, ki cika masa kwana biyun da suka rage. Amma fa abin da kika karanta ba ƙarya ba ne zalla, shi ya sa zan ɗan ja maganar, ki yi haƙuri da tsawo, aikin famasi nake yi sama da shekara goma sha biyar kuma wannan batu ya daɗe yana damuna.

Mu dai abin da aka koya mana a makaranta, kuma na yi shekaru ina faɗa wa duk wanda na miƙa wa magani, shi ne ka shanye duka ko ka ji sauƙi, in ba haka ba ƙwayar cutar za ta saba da maganin ta daina jinsa. A 2017 ne wasu likitoci a Ingila ƙarƙashin Farfesa Martin Llewelyn suka yi rubutu a mujallar BMJ suka ce wannan maganar ba ta da hujja mai ƙarfi a yawancin cututtuka, wai ma ƙara kwanaki ba gaira ba dalili shi ne ya fi haifar da bijirewar. Ranar da na karanta gaskiya raina bai so ba, don kamar an ce min abin da nake ta nanata wa mutane kuskure ne, amma da na zauna na bi bayanin sai na ga akwai gaskiya a ciki.

Ga yadda abin yake. Jikinmu cike yake da bakteriya waɗanda ba ruwansu da cutar da mu, a hanji, a fata, a hanci da baki, wasu ma amfani suke mana. Shi kuwa magani in ya shiga ba ya tantancewa, duk wadda ya iya kashewa kashewa yake. To kullum aka ƙara kwana ɗaya ana sha, masu rauni suna mutuwa, masu taurin kai su rage su samu fili su hayayyafa, kuma bakteriya suna iya miƙa wa junansu wannan taurin ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Bayan wata shida sai mutum ya zo da ciwon mara ko sanyin fitsari a ba shi maganin da aka saba ya ƙi ci, alhali ƙwayar daga hanjinsa ta fito, ta sha horo tun wancan karon. Ban da gudawa da ƙuraje da sauran illolin da ke ƙaruwa da yawan kwanaki.

Kuma an gwada an gani. A 2021 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Birtaniya da Ayalan kan yara sama da 800 masu ciwon huhu da aka sallama gida da amoxicillin, wasu kwana uku wasu kwana bakwai, yawan waɗanda sai da aka sake ba su magani ya zo kusan daidai a ɓangarorin biyu, sai dai tari ya ɗan fi daɗewa a 'yan kwana ukun. Wanda ya fi girgiza ni shi ne na Nuwamba 2024 da ake kira BALANCE, marasa lafiya 3,608 a asibitoci 74 na ƙasashe bakwai, mutanen da ƙwayar cuta ta shiga jininsu fa, da yawansu suna ɗakin kulawa ta musamman, aka raba su wasu kwana 7 wasu kwana 14. Cikin kwana 90 kashi 14.5 cikin ɗari na 'yan kwana bakwai suka rasu, na 'yan kwana sha huɗu kashi 16.1. Wato rage kwanakin bai cutar da su ba.

To amma a nan ne masu yaɗa labarin suke yanke shi rabi. Duk waɗannan gwaje-gwajen, likitoci ne suka tsara kwanakin tun farko, sun san cutar, sun san ƙwayar, sun zaɓi waɗanda za su shiga sun cire waɗanda bai dace ba. A BALANCE ɗin ma ba a sa masu ƙwayar Staphylococcus aureus a jini ba, ba a sa waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni sosai ba. Babu inda aka ce wa mara lafiya je ka sha in ka ji daɗi ka ajiye. Kuma ba ko'ina gajeren ya yi nasara ba. A 2016 a Amurka an gwada kan yara 520 'yan wata 6 zuwa 23 masu ciwon kunne, kwana biyar da kwana goma, waɗanda maganin bai warkar ba a 'yan kwana biyar sun kai kashi 34, a 'yan kwana goma kashi 16. Kin ga ninki biyu kenan. In ƙwayar cuta ta kama ƙashi ko bawul ɗin zuciya, waɗannan makonni ake yi ana magani. Ni abin da na fahimta, saƙon binciken nan namu ne mu ma'aikatan lafiya, mu daina rubuta kwana goma inda biyar ta isa, mu daina bayarwa ma gaba ɗaya inda mura ce ta bairos. Shi likitan yaronki da ya rubuta kwana biyar ai ya riga ya bi gajeren, da can irin wannan kwana bakwai ko goma ake rubutawa.

Akwai wani bawan Allah da ba na mantawa, magidanci ne mai tarin fuka, ni nake ba shi maganinsa duk wata. Wata biyu da farawa tari ya tsaya, ya yi ƙiba har fuskarsa ta ciko, ya zo yana ta godiya, daga nan ban sake ganinsa ba. Mun kira waya ba a ɗauka. Sai bayan kusan shekara ƙaninsa ya kawo shi a riƙe, rigar jikinsa kamar an rataye a ƙusa, yana tari yana tofawa a wani tsumma yana ɓoyewa kar in ga jinin. Da aka yi gwajin kaki ƙwayar ta daina jin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Ya ce min wallahi shi ya ɗauka ya warke, kuma maganin yana sa fitsarinsa ja yana tsorata shi, abin da da an yi masa bayani da kyau ya san ba komai ba ne, launin maganin ne kawai. Har yau ina jin da na ƙara minti biyar ina masa bayani ranar farko wataƙila da ba a kai nan ba. Tarin fuka ƙwayarsa a hankali take girma, tana iya lafewa a jiki, shi ya sa ake wata shida, kuma a nan tsohuwar maganar nan ta shanye duka gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Ko a nan ɗin ma bincike ya rage wahala, tun Disamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ake kira BPaLM na wata shida ga mai bijirarren tarin fuka, maimakon tsohon tsari da kan kai wata 18 zuwa 20, a da ma har da allurai masu kurmantar da mutum. Amma shi ma wata shidan nan sai an cika shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali in aka tsayar da magani a tsakiya shi ne ragowar. Kusan kullum sai wani ya zo ya zazzage min leda a kan kanta, kafso huɗu na wannan, rabin kati na wancan, kwalbar sirof da aka haɗa tun watanni ta canza launi murfin ya daskare, ya ce wanne zan ba yaro yana zazzaɓi. Wannan ragowar ita ake sha kwana ɗaya biyu a kan mura, a miƙa wa maƙwabciya, a ba jariri da ƙiyasi. Shi kansa Alexander Fleming da ya gano penisilin a 1928, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa in aka riƙa shan maganin ƙasa da yadda ya kamata ƙwayoyin za su saba da shi. Ga shi muna gani da idonmu. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, sun fi waɗanda ƙanjamau ko maleriya ta kashe a shekarar. Shi ya sa a Satumba 2024 ƙasashe suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za su rage mace-macen da kashi 10 kafin 2030, kuma aƙalla kashi 70 na antibayotik ɗin da ake ba mutane ya zama daga rukunin farko masu sauƙi, irin su amoxicillin ɗin nan da yaronki yake sha, a daina tsallakawa kan manyan allurai tun ba a je ko'ina ba. Alkawari dai an yi, ni a ganina in ba a hana sayar da su ba takardar likita ba, kuma aka sa gwaji ya zama abin da talaka zai iya yi, zai yi wuya a cika.

Yanzu ni na canza yadda nake magana da mutane. Ba na cewa shanye duk abin da ke cikin kwalbar, don sau da yawa kwalbar ta fi kwanakin yawa. Cewa nake ga adadin kwanaki, in rubuta ranar gamawa a jikin kwalin da biro, in ce ranar nan ka tsaya ko da saura, sauran kuma a dawo da shi ko a zubar, kar a ajiye don gaba. Kema haka za ki yi, kwana biyar ɗin nan cif, a kan lokutan da aka ce, ki girgiza kwalbar kafin ki zuba, ki auna da ɗan kofin ko sirinjin da ya zo da shi ba cokalin gida ba don girmansu ba ɗaya ba ne. In ya amayar nan take bayan ya sha ki tambayi wanda ya ba ki maganin ko za a sake. Nan gaba kuma in an rubuta miki antibayotik kina da haƙƙin ki tambaya, likita wannan na kwana nawa ne, kuma dole ne sai an sha, likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Tari zai iya ɗan ja har sati ɗaya ko biyu bayan an gama, wannan kaɗai ba dalilin ƙaro wata kwalba ba ne. Amma in kika ga numfashinsa yana sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, ko zazzaɓin ya dawo, ko ya ƙi sha ya ƙi ci ya yi laushi, ko ƙuraje suka feso masa leɓe ko fuska ta kumbura, ki ɗauke shi ku koma asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, ki tafi da kwalbar maganin a hannu su gani.