Tambayoyi da Amsoshin Fasaha: Mota Mai Tuƙa Kanta, Ina Aka Kwana?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan motoci masu tuƙa kansu suka zo. Na tsamo guda biyar, kuma zan fi daɗewa a kan ta biyu, domin ita ce ta shafi ran mutane a kan titunanmu yau.

Tambaya: Malam, na ga bidiyo a Facebook, mota tana tafiya cikin gari babu kowa a kujerar direba. Gaskiya ne ko haɗi aka yi? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Mai yiwuwa motar kamfanin Waymo ka gani, wanda ya faro daga wani aikin gwaji na Google a 2009. Tun watan Oktoba na 2020 yake ɗaukar fasinja ba direba a birnin Phoenix na Amurka, daga baya ya shiga San Francisco da Los Angeles. A ƙasar Sin ma kamfanin Baidu yana da irinsu a birnin Wuhan. Da manhajar waya ake kiransu kamar tasi.

Ido iri uku motar take gani da shi. Akwai kyamara, mai bambance launin danja da karanta allon hanya. Akwai rada, mai auna nisan abu da gudunsa ko ana ruwa ko hazo. Sai lida, wato abin nan da ka ga yana juyawa a kan rufin motar: hasken leza yake harbawa, ya auna lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo, da haka yake zana siffar duk abin da ke kewaye. Motar Jaguar da Waymo ke amfani da ita tana ɗauke da kyamara 29, lida 5, rada 6. Kwamfutar da ke ciki ita ke haɗa bayanan, ta yi hasashen inda kowane mutum da kowace mota za su nufa nan da daƙiƙu kaɗan, sannan ta ba sitiyari da birki umarni.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne motar ba ta fita daga iyakar da aka shata mata. Kafin a sake ta a unguwa, sai an riga an zana taswirar unguwar dalla-dalla, har tsayin gefen titi da wurin da kowace danja take. In kuma ta rikice, tsayawa take yi ta nemi shawarar ma'aikatan da ke zaune a ofis gaban allo. A ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE, wanda ya kasa tuƙin na'ura daga mataki na 0 zuwa na 5, wannan mataki na 4 ne. Mataki na 5, motar da za ta je ko'ina a kowane yanayi, babu wanda ya ƙera ta tukuna.

Tambaya: Na sayi Toyota 'yar Beljiyam ƙirar 2019. A babbar hanya nakan ji sitiyarin yana gyara kansa, tana kuma rage gudu in ta cim ma wata mota. Zan iya sakar mata tuƙin? Sannan tun da aka canza mini gilashin gaba wata fitilar gargaɗi take kamawa. Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Ranka ya daɗe, kada ka sake mata, ko na daƙiƙa biyar. Abin da ke motarka mataimakin direba ne, bai wuce mataki na 2 ba, kuma alhakin tuƙi yana wuyanka gaba ɗaya. Haka Honda Sensing yake, haka ma Autopilot na Tesla duk da sunansa mai nufin tuƙi da kai. Wanda doka ta yarda direba ya ɗauke ido daga hanya shi ne mataki na 3, irin na Mercedes da Jamus ta amince da shi a ƙarshen 2021, shi ma a manyan hanyoyi kawai, da farko kuma a gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba.

Ga dalilin da nake tsananta maka. Radar motarka a kan abin da ke motsi ta fi ƙwarewa. Abubuwan da ke tsaye cik, irin allunan hanya da ƙarafan gada da motocin da aka ajiye a gefe, suna da yawa, don haka a babban gudu manhajar takan yi watsi da akasarinsu, in ba haka ba motar za ta riƙa taka birki ba gaira ba dalili. To ka tuna tirelar da ta lalace a tsakiyar hanya da dare, babu fitila, sai rassan itace da yaron mota ya jera a baya. Irin wannan shi ne abin da na'urar ke iya makara wajen gani, kuma littafin motar da kansa ya yi gargaɗi a kai. A gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Duba waya na daƙiƙa uku tafiyar mita 83 ce ido rufe.

Ita kuwa fitilar gargaɗi, kusan tabbas daga canjin gilashin ne. Kyamarar tana manne a jikin gilashin gaba ta ciki, a bayan madubin tsakiya. Da zarar an cire gilashi an sa wani, kyamarar ta ɗan goce daga inda take kallo, sai an sake saita ta. Kada ka raina gocewar: digiri ɗaya tak yana zama kusan mita 1.7 a nisan mita 100, wato kamar rabin faɗin layi. Motar za ta iya ɗaukar wadda ke layin gefe a matsayin wadda ke gabanka, ta taka birki, ko ta ja ka zuwa gefen kwalta tana ganin gyara take yi.

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Goge gilashin a daidai kyamarar, ciki da waje. Cire duk wata sitika ko baƙar ledar kare rana da aka manna a saman gilashin, domin da yawa a nan ake rufe wa kyamarar ido ba a sani ba. Goge tambarin Toyota na gaba, saboda a yawancin waɗannan motoci radar tana bayansa, kuma taɓo ko ƙura mai kauri suna toshe ta. In mai gyaran jiki ya taɓa musanya tambarin da na gama-gari, ko ya fesa masa fenti, ko an ɗaura ƙarfen kariya a gabansa, radar ba za ta yi aiki daidai ba. A gwada batir, don batir mai rauni yana jawo fitilun gargaɗi barkatai. Bayan haka a daidaita iskar tayoyi, a yi alaimen.

Sai saitin kansa. Ana jona kwamfutar bincike a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, a ajiye motar a daɓe mai shimfiɗa ɗaya, a kafa allon saiti mai zanen baƙi da fari a gabanta, a daidai nisa da tsayin da kamfani ya rubuta wa wannan ƙirar. Wasu motocin kuma sai an tuƙa su a titi mai layuka bayyanannu kafin saitin ya kammala. Ka tambayi mai gyaran ko yana da allon. In ya ce goge lambar matsalar kawai zai yi da kwamfuta, fitilar za ta mutu na ɗan lokaci amma kyamarar tana nan a karkace. Kafin ka samu wanda ya iya, shiga saitin da ke allon gaban direba ka kashe mai riƙe layi, wato mai gyara sitiyarin, ka kuma daina amfani da mai riƙe gudu, wato mai rage gudu in ta cim ma wata mota.

Tambaya: An ce na'ura ba ta barci, ba ta shaye-shaye. Me ya sa ake jin ta yi haɗari? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Malama, maganar tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma gudu da maye da shagala suna cikin manyan dalilai. Sai dai kuskuren na'ura daban yake da na mutum: abin da ba a koya mata ba shi ke kayar da ita.

A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi, ta rasu. Binciken NTSB, hukumar binciken haɗarin sufuri ta Amurka, ya nuna motar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon. Matsalar ita ce manhajar ta kasa tsayar da magana: ta ce mota ce, ta ce keke ne, ta ce wani abu ne daban, kuma duk lokacin da ta sauya ra'ayi sai ta manta hanyar da abin yake bi. Ba a tsara ta da tunanin mutum zai tsallaka inda babu alamar tsallakawa ba. An kuma kashe birkin gaggawa na asali da motar Volvo ɗin ta zo da shi, sannan ma'aikaciyar da aka zaunar don lura hankalinta yana kan waya. Wannan na ƙarshen ya kamata ya tsorata kowa: mutumin da aka ce ya zauna yana kallon na'ura tana aiki daidai awa bayan awa, hankalinsa tafiya yake yi.

A Oktoba 2023 kuma, a San Francisco, wani direba ya buge wata mata ta faɗa gaban motar kamfanin Cruise. Motar ta tsaya, sannan ta yi ƙoƙarin komawa gefen titi ba ta gane matar tana ƙarƙashinta ba, ta ja ta kusan mita 6. Hukumar jihar Kalifoniya ta dakatar da lasisin kamfanin a watan, kuma a Disamba 2024 General Motors, kamfanin da ya mallaki Cruise, ya daina zuba kuɗi a harkar.

Tambaya: Yaushe za mu ga irinta a Kano ko Maraɗi? Daga wani mai sayar da wayoyi.

Amsa: Ba nan kusa ba, kuma ba kuɗin motar ne kaɗai cikas ba. Kyamara tana bin farin layi, titunanmu da yawa ba su da shi. Ƙurar hunturu tana warwatsa hasken lida, ta kuma kwanta a kan gilasan na'urorin. Taswira tana buƙatar sabuntawa duk lokacin da aka toshe hanya ko aka buɗe sabuwa. Mafi wuya shi ne yadda muke tuƙi da fahimtar juna: ɗan adaidaita sahu ya sako hancinsa, ka ɗaga masa hannu, jami'in KAROTA ya yi nuni da yatsa a shataletale, mai kura ya ratso. Motar da aka koya wa kada ta motsa sai ta samu sarari, a nan wuni za ta yi a tsaye.

Inda aikin na'ura ya riga ya iso mana shi ne sama, domin can babu cunkoso. Kamfanin Zipline yana kai jini da magunguna asibitoci da ƙananan jirage marasa matuƙi, ya fara a Ruwanda a 2016, Gana a 2019, jihar Kaduna a 2022. Jirgin yana sakin kunshin da 'yar lema ya koma sansaninsa.

Tambaya: Shekara ashirin ina jan tirela. Wannan abu zai raba mu da abincinmu ne? Daga wani direba a Gusau.

Amsa: Maigida, damuwarka a kan hanya take, ba zan ce maka babu komai ba. Na'ura tana fara cin aikin da ake maimaitawa a hanya ɗaya, a killataccen wuri. A ma'adinan yankin Pilbara na Ostareliya, manyan tifofin kamfanin Rio Tinto suna jigilar ƙasar ƙarfe ba direba, ana lura da su daga birnin Perth mai nisan kusan kilomita 1,500. A 2025 kamfanin Aurora ya fara jan kaya da tirela ba direba tsakanin biranen Dallas da Houston na Amurka, ko da yake bayan 'yan makonni an mayar da mutum gaba a matsayin mai lura. Direbobin irin waɗannan wurare su ne a sahun farko.

Aikinka kuwa ya wuce riƙe sitiyari. Kai ke duba lodi da ɗaurin tamfol, kai ke sauraren ƙarar inji ka san akwai matsala, kai ke canza taya a daji, ka yi magana a shingen bincike, ka tsare amanar kayan mutane har a sauke. Babu na'urar da ke yin waɗannan yau. Abin da zai riga zuwa gare ka shi ne na'urar bin sawu da masu motoci ke sawa, mai nuna gudunka da inda ka tsaya da man da aka sha, da kyamarar cikin gida mai ƙara in ta ga idonka yana lumshewa. Ka koyi karanta su, kuma ka nemi a riƙa nuna maka rahoton da suke fitarwa a kanka, domin da shi za a yi maka hukunci ranar da aka samu saɓani. In kana da yaro mai sha'awar mota, ka haɗa masa kanikanci da wayarin mota da aiki da kwamfutar bincike. Motocin da ake shigo da su yanzu da kyamara da rada suke zuwa, ga Alhajin Kano can a sama yana neman wanda zai saita masa tasa.