Amsar Kawu kan tsutsar da ta ƙi mutuwa

Assalamu alaikum 'yan gida. To ɗana, na saurari saƙonka, wai ka yi wa masara feshi tsutsa ko gezau, ko jabu aka sayar maka. Jabu kam akwai shi a kasuwa. Amma abin da kake son ji shi ne me ya sa maganin da ya yi aiki bara ya ƙi yi bana, ko ba haka ba?

Ka ga guba, rariya ce. In ka fesa, masu rauni su mutu, 'yan kaɗan da Allah Ya yi da jikin jure ta su tsira, su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji wannan jikin. Kuma kada wani ya taso min da zancen wai mutum daga biri ya fito, tsutsa nake magana, wadda ke cikin kunnen masararka tana barin kashi kamar dusa. Wannan ma baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta shigo mana a 2016, kuma tun can ta sha feshi ta ƙoshi.

Haka aka yi da DDT, wani tsohon maganin ƙwari. Wanda ya gano ƙarfinsa har lambar Nobel aka ba shi a 1948, alhali ƙudaje a Turai sun riga sun fara gagararsa. Sauron Kadawa da na fadamar Auyo fa? A ruwan shinkafa yake ƙyanƙyasa, ruwan da muke zuba wa magani dangin wanda ke jikin gidan sauro. Kafin ya iso ɗakinka an gama tace shi.

Abin da ke ƙona min rai, masu awo da murfin kwalba. Akwai wani maƙwabcin gonata, ba zan kama suna ba, a ce masa murfi biyu ya zuba ɗaya wai tattali, sannan magani iri ɗaya shekara da shekaru, da rana tsaka tsutsa ta shige can ciki. In ka yi magana ya ce tun kana goye yake noma. Ƙwarin da ya yi kiwo kuwa ba su san iyakar gona ba, tawa suke... to, bar shi kawai.

Wani kuma ya ce ai mu ma mutane za mu saba da guba. A'a Alhaji. Sauro cikin mako biyu ya yi 'ya'ya, mutum fa? Akwai dai wasu mutane a tsaunukan Ajantina da jikinsu ke iya fitar da gubar asinik ta ruwan shansu, amma dubban shekaru abin ya ɗauka. A Zamfara a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400.

Ka sauya magani, ba suna kawai ba, sinadarin ciki, ka fesa da yamma cikin kunnen. Kwalbar kuma turo min hoton bayanta in ga ranar lalacewa.