Shin Sabon Katin Hoto Zai Sa Tsohuwar Kwamfutata Ta Yi Sauri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na gaji wata tsohuwar kwamfuta ƙirar 486 mai gudun megahaz 33 daga mahaifina, kuma har yau tana aiki. Sai dai idan na buɗe hoton JPEG sai in yi ta zaman jira, ya kuma fito da ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa yashi. Katin hotonta na ISA ne mai kilobayit 512. Idan na canza katin, matsalar za ta kau?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, kuma na ji daɗi da ba ka jefar da ita ba. Matsala biyu ce ka haɗa wuri guda, kuma ɗaya kawai daga cikinsu katin hoto, wato katin da ke fitar da hoto a allo, yake magancewa.

Ɗige-ɗigen nan daga katin suke. Hoto mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, idan za a nuna shi da cikakken launinsa, kowane ɗigo na cin bayit 3, jimilla bayit 921,600. Katinka mai kilobayit 512, wato bayit 524,288, ba shi da wurin ajiye wannan. Dole ya tsaya a launi 256, sai manhajar kallon hoto ta zaɓi launukan da suka fi kusa, ta cakuɗa su ɗigo-ɗigo don ta yaudari ido. Fatar mutum da sararin sama su suka fi shan wahala, domin launinsu a hankali yake sauyawa. Kati mai megabayit 1 zai ba ka launi 65,536, in dai ƙirarsa ta yarda, kuma ranar da na fara ganin wannan bambanci na daɗe ina kallon fuska ɗaya a allo. Ka leƙa cikin kwamfutar tukuna: idan akwai dogon ramin VESA Local Bus, wanda ya fito a 1992, nemi katin da ke shiga can. ISA, wato ramin da katinka yake ciki yanzu, tana tafiya ne a wajen megahaz 8, shi kuwa wancan da gudun furosesarka, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, yake tafiya.

Jiran kuma fa? Nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. JPEG matsattsen hoto ne, an yanka shi murabba'i-murabba'i, ɗigo 8 sau 8, kuma kowane sai an yi masa lissafi kafin ya koma hoto. Katunan wancan zamani ba sa taɓa wannan lissafi, furosesa ce ke ɗaukarsa ita kaɗai. Sabon kati zai rage maka lokacin da ake ɓatawa wajen rage launi, amma warware hoton yana nan yadda yake. Idan babban allon cikinta, wanda ake dasa furosesa a kansa, ya karɓa, furosesar 486 DX2 mai megahaz 66 za ta fi kowane kati taimaka maka a nan.

Ina kuma zargin hotunan wayar zamani kake loda mata. Hoto mai ɗigo miliyan 12 yakan kai bayit miliyan 36 idan aka warware shi, abin da ya fi ƙarfin ma'adanar aiki (RAM) ta irin wannan kwamfuta nesa ba kusa ba. Ka rage girmansa zuwa 640 da 480 a wata kwamfutar, ka adana shi a matsayin BMP, wanda ba ya buƙatar warwarewa. Gwada wannan kafin ka sayi komai, sannan ka rubuto mini sunan da ke jikin katin naka.