Amsoshin Tambayoyinku: Jijiya, Faɗuwar Gaba da Tsikar Jiki

Wani ɗalibin aikin jinya daga Birnin Kebbi: Malam, ana koya mana wani sashe na jijiyoyi da yake tafiyar da bugun zuciya, gumi da narkar da abinci ba tare da mutum ya sa shi ba. Me zan kira shi da Hausa? Na ji wani ya kira wani reshensa "jijiyar tausayi".

Ɗana, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kalmar jijiya mun ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Wadda ake lalubawa a hannu a ɗebi jini, jijiya ce. Farar igiyar nan da mahauci yake zarewa daga nama don tana gagarar haƙori, jijiya ce. Ta bayan dunduniya ce ta yi sa'a, ta samu sunanta, agara. Sannan ga fararen zaruruwan da suke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka suna kai saƙo ko'ina a jiki, su ma jijiya.

Na taɓa zama a layin asibiti a Gusau kusa da wani dattijo mai ciwon suga. Likita ya ce masa ciwon ya taɓa jijiyoyinsa, shi ya sa jiri yake ɗibarsa in ya miƙe tsaye. Dattijo ya fito yana murza jijiyoyin bayan hannunsa da babban yatsa, yana cewa ai ga su nan lafiya lau. Likita na nufin masu kai saƙo, dattijo na duban masu ɗaukar jini. Tun ranar nake roƙon masu fassara a rediyo da asibiti su daina sakin kalmar tsirara. A ce jijiyar jini, a ce jijiyar saƙo. Ƙarin kalma ɗaya ce tak.

Sashen da kake tambaya kuwa, wani Bature na Jami'ar Kambirij a Ingila, John Langley, shi ya raɗa masa suna a 1898, daga kalmomin Girkanci biyu, "kai" da "doka". Mu muna da abin da ya fi wannan zama daram: cin gashin kai. Ka ce jijiyoyin saƙo masu cin gashin kansu. Sai dai ka gaya wa mutanenka cewa nufin mutum kaɗai suka ƙwace wa. Har yanzu ƙwaƙwalwa ce take juya su daga can ƙasanta.

Manyan rassansu biyu ne. Na farko, simfatetik, yana fitowa daga laka, daga saitin ƙirji zuwa saman kwankwaso. Shi yake hanzarta zuciya, ya buɗe ƙwayar ido, ya dakatar da narkar abinci. Na biyu, farasimfatetik, yana fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa da kuma can ƙarshen baya wajen ƙugu. Shi yake lafar da zuciya, ya saki miyau, ya motsa hanji. "Jijiyar tausayi" aikin wanda ya buɗe ƙamus ne ya cafki ma'anar farko ta kalmar simfatetik ya rufe. Ina tausayi a wajen abin da yake sa zuciya dukan uku-uku? Ni reshen zabura nake cewa, da reshen natsuwa. Akwai na uku a cikin bangon hanji, mai ƙwayoyin saƙo miliyoyi, wanda yake iya tura abinci gaba ko da umarni bai zo daga sama ba.

Wata malamar firamare daga Tsafe: An ce faɗuwar gaba asarar namiji. Mene ne yake faɗuwa? Kuma mace fa?

Malama, babu abin da yake faɗuwa. Gaba a nan ƙirji ake nufi. In mutum ya firgita, reshen zabura yana sa zuciya ta yi wani bugu mai ƙarfi, jini ya janye daga ciki ya tafi damatsa da cinyoyi, wasu 'yan halittu biyu da suke zaune a kan ƙoda kuma su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Wannan rasss da kika ji, shi ke nan.

Amma ki saurari yadda muke gina maganar, don a nan daɗin yake. Gabana ya faɗi. Tsikar jikina ta tashi. Hantar cikina ta kaɗa. Cikina ya ɗuri ruwa. Gumi ya keto mini. Miyan bakina ya ƙafe. Jikina ya yi sanyi. Duk cikinsu babu inda mai magana ya zama mai aikatawa. Gaɓar ce take aikin, shi nasa ji. Ba wanda zai ce "na faɗar da gabana", ko "na tayar da tsikata", a ɗauke shi Bahaushe. Ki kwatanta da "na ɗaga hannu" ko "na rufe ido". Harshen ya raba abin da mutum yake yi da abin da jiki yake yi masa tun kafin a buɗe gawa a ga zaren da yake aikin. Hanta ma ba a yi mata ƙazafi ba: in adirenalin ya zuba, tana sakin sukarin da ta ajiye don a samu ƙarfin gudu. Ciki kuwa, fargaba tana tsayar da tumbi amma ta ingiza babban hanji, shi ya sa wani yake neman bayan gida ana dab da shiga jarrabawa.

Karin maganar tana zuga namiji ne kada ya karaya. Amma ina jin zafi in na ji an jefi wani da ita a wannan zamani. Kin fi ni sanin yadda ƙarar babur da tsakar dare take yi wa mutanen ƙauyukanmu. Na ga wata mata da ta yi gudun hijira zuwa Gusau, tana tuƙa tuwo a gidan da babu abin da zai same ta. Ɗan acaɓa ya wuce ta bayan katanga, muciya ta suɓuce daga hannunta, ta dafe ƙirji, leɓenta ya bushe nan take. Ta san ɗan acaɓa ne, jikinta ne ya riga ta. Reshen zabura an yi shi don ya tashi ya kwanta, in kuwa ya kwana ya wuni a tsaye wata da watanni, barci yakan gagara, ciki ya lalace, hawan jini ya samu ƙofa. Mai irin wannan likita yake buƙata da mai lallashi. Namiji da mace kuwa, zaren iri ɗaya ne a jikinsu.

Daga Argungu: Mece ce tsika a "tsikar jiki"?

Ƙananan gashin fata. Kowane yana da ɗan mitsitsin nama a gindinsa, sanyi ko tsoro ko ƙira'a mai daɗi su sa ya tsuke, gashin ya miƙe.

Daga Talata Mafara: Miyau ne daidai ko yawu?

Duka biyun Hausa ne. Kada wani ya sa ka bar miyanka na gida don ya ji ana cewa yawu a Kano.

Wani direba daga Ƙauran Namoda: "In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba." Gaskiya ne kowa yana gudu?

Ma'anarta kowane jarumi akwai abin da ya fi ƙarfinsa. Walter Cannon na Jami'ar Harbad a Amurka ya bayyana a 1915 cewa shiri ɗaya jiki yake yi, ko don faɗa ko don gudu. Mu muka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Akwai kuma wanda yake sandarewa wuri ɗaya, kuma bai kamata a kira shi matsoraci ba.

Wata uwa daga Jega: 'Yata ta suma a filin makaranta da ta ga jini. Maƙwabta sun ce iska ce. Shin suma da farfaɗiya ɗaya ne?

Hajiya, ba ɗaya ba ne, kuma masu cakuɗa su suna cutar da yara. Irin wannan suma yawanci aikin reshen natsuwa ne da ya wuce gona da iri. Cikin jijiyoyin saƙo 12 da suke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa, ta 10 ana ce mata bagus, wato "mai yawo" da Latinanci, don tana sauka ta wuya ta ziyarci zuciya, huhu, tumbi da hanji. Ita ce linzamin zuciya. A 1921 wani masanin kimiyya mai suna Otto Loewi ya tsokane ta a zuciyar kwaɗo har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da zuciyar take ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta lafa. Da haka aka gane cewa sinadari jijiyar take saki, kuma aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1936. Ganin jini ko doguwar tsayuwa a rana kan sa a ja linzamin da ƙarfi, jijiyoyin jini su saki, jini ya gaza kai wa ƙwaƙwalwa. In yarinyar ta suma, a kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta, kada a zaunar da ita, kada a ɗura mata ruwa a baki kafin ta farfaɗo. In abin ya maimaitu, ko ya same ta tana cikin gudu, ki kai ta asibiti a duba zuciyarta.

Daga Gummi: Jiri, juwa da hajijiya fa?

Jiri da juwa abu ɗaya ne, juwa ta fi zama a bakinmu na yamma. Hajijiya ita ce wadda duniya take juya maka, kamar yaran da suka gama wasan juyi suka zube, kuma galibi tushenta cikin kunne yake.