Amsa ga ƙanena mai son zuwa Birtaniya karatun labaran almara

Ƙanena, saƙonka ya iso tun ranar Laraba, aikin dare ne ya hana ni zama sai yau. Ka ce ka gama digirinka na Turanci, ka yi hidimar ƙasa, yanzu kana son zuwa Birtaniya digiri na biyu a kan labaran almara, irin waɗanda marubuci ke ƙaga duniya sukutum da ƙasashenta da sarakunanta. Ka ce a gida ana yi maka dariya, wai za ka tsallake teku don karatun tatsuniya. Kana tambaya ko akwai wannan karatu da gaske, kuma ko ya kai a sha wahala dominsa.

Akwai shi. Jami'ar Glasgow tana da digiri na biyu na shekara ɗaya a kan wannan fanni, kuma a 2020 ta buɗe cibiyar nazarinsa ta musamman. Don haka masu dariya su sassauta.

Ni ma ba zan yi maka dariya ba, don na san abin da ya kama ka. Hunturuna na farko a Birmingham, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ka idar da la'asar ba ka naɗe darduma ba magariba ta kawo kai. Ban san kowa ba. Wani littafi mai kauri da na aro a laburaren unguwa shi ya zame mini abokin hira, littafin zobe, wato The Lord of the Rings, na marubucin Ingila Tolkien. Yaƙe-yaƙen cikinsa ba su ne suka riƙe ni ba, wa ya kai marubutan littattafan yaƙi na Kano iya sare kai dubu da sara ɗaya? Abin da ya riƙe ni shi ne duk inda matafiyan nan suka bi, sai ka ji wurin ya girme su. Su wuce wani kufai, wani a cikinsu ya ambaci sarkin da ya gina shi, a ci gaba da tafiya ba tare da an tsaya yi maka bayani ba. Sai ka ji a ranka cewa bayan kowane tudu akwai wani labarin da ba a ba ka ba. Kamar dai baƙo ne ya shiga Kano ta Ƙofar Na'isa, ya san sunan nan yana da dalili ko da bai san dalilin ba.

Daga baya na gane ba dabo mutumin ya yi ba, aiki ne na shekaru. Malamin harshe ne. Ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford bayan yaƙin duniya na farko, ya koyar a Leeds daga 1920, ya zama farfesan tsohon Turanci a Oxford a 1925. Harsuna ya fara ƙagawa, ɗaya ya ɗauko ƙamshinsa daga harshen mutanen Finland, ɗayan daga na Wales, wanda tun yana yaro yake ganin kalmominsa a jikin taragun kwal. Shi da kansa ya ce labaran ya yi su ne don harsunan su sami inda za su zauna. Ya zana taswira, ya auna nisan da mutum zai iya ci a ƙafa a yini guda, har tsayuwar wata yake bi, don kada wani ya ga wata ya cika a daren da abokinsa a wani gari yake ganin jinjiri. Littafin ya fito a 1954 da 1955, amma tarihin farkon duniyar tasa bai ga bugunsa ba. Ya rasu a 1973, ɗansa ya haɗa shi ya fitar a 1977.

Yanzu ga inda nake son ka saurare ni da kyau. Wata Asabar na hau bas na je Sarehole, ƙauyen da ya zauna tun yana ɗan shekara huɗu, bayan an dawo da shi daga Afirka ta Kudu inda aka haife shi a 1892. Daga nan ne ya samo ƙauyen nan na cikin littafin mai korayen ciyayi da ka ce kana mafarkin gani. Tsohon gidan niƙan da ruwa ke juyawa yana nan an mai da shi gidan tarihi, da ɗan tafki, da wani ɗan kurmi kusa. Sauran duk birni ya haɗiye, motoci ta ko'ina. Na tsaya ina kallo, sai na tuna fadamar bayan gidanmu da aka yanka filaye. Ashe mutumin kewar gida yake yi, kewar wurin da ya riga ya ɓace tun yana raye. Abin da ya sani ciki da bai, da shi ya yi ginin.

To kai me ka sani ciki da bai? Ba dusar ƙanƙara ba ce. Ka turo mini babi biyu na labarinka, na karanta, kuma zan faɗa maka gaskiya tunda ni yayanka ne. Alƙalaminka yana da daɗi, amma jaruminka yana tafe cikin dajin da ba ka taɓa shaƙar iskarsa ba, sunansa ma aro ne. Alhali ga Barbushe a kan Dala da gunkinsa Tsumburbura. Ga rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Ga jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda, ga sarautu kowacce da aikinta da kirarinta, Madaki da Makama da Galadima da Sarkin Bai. Ga ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba da uban dawaki, zango bayan zango. Ko masu bori, ba ina ce ka bi su ba, amma birninsu na Jangare an tsara shi gida-gida, kowane iska da danginsa da irin kiɗansa. Abubakar Imam da Bello Kagara sun taɓa wannan hanya tun 1934, ɗaya ya tura jaruminsa neman ruwan Bagaja, ɗaya ya kai nasa ƙasar aljannu. Sun ba da labari mai daɗi, sai dai ba su tsaya zana taswira da jera zuriya ba. Wannan gurbin har yau yana jiran mai shi.

Maganar kuɗi kuwa ba ta da almara. Kuɗin makaranta na ɗalibin waje a irin wannan digiri yakan haura fam 20,000. Sai ka nuna kuɗin zama na wata tara, fiye da fam 1,000 kowane wata, kuma su kwana 28 a asusu ba a taɓa ba. Akwai kuɗin lafiya fam 776 a shekara, da gwajin tarin fuka, da kuɗin biza. Aiki awa 20 kawai aka yarje maka a mako lokacin karatu, kuma bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi sana'ar kanka ba, wato ko rubutunka ba za ka riƙa sayarwa a matsayin kasuwanci ba. Tun Janairun 2024 mai irin wannan digiri ba ya zuwa da iyali, ka sa wannan a lissafi tunda na ji ana maganar kai kuɗin gaisuwa. Kuma kada wani ya ruɗe ka, takardar adabi ba ta cikin waɗanda kamfanoni ke rububin ɗauka a nan.

Shawarata, kada a sayar da gonar Baba saboda wannan. Ka nemi tallafi, Chevening ko Commonwealth. Chevening na son gogewar aiki ta shekara biyu, kuma sai ka koma gida bayan ka gama, wanda a wurinka ma alheri ne. In ka samu, ka zo. Za ka amfana da malamai masu ɗaukar wannan fanni da muhimmanci, da laburare irin na SOAS, makarantar nazarin Afirka da ƙasashen Gabas a Landan, inda za ka tarar da littattafan Hausa da a gida sai ka sha yawo kafin ka gan su.

Kafin nan ka sayi littafin rubutu, ka je wurin Goggo ka zauna, tana da tatsuniyoyin da ni kaina na manta rabinsu. Ka tambaye ta sunayen itatuwa da na taurari, da abin da ake cewa idan guguwa ta taso. Ka zana mini taswirar ƙasarka da rijiyoyinta da kasuwanninta da ranar da kowacce ke ci, sannan ka sake rubuta babin farko ka turo. Ka gaida Inna, ka ce mata kilishin ya iso lafiya.