Tambaya da Amsa: Wai ya aka ƙare da bashin Puerto Rico?

Tambaya: Salam Malam, don Allah na ji wai akwai wani yanki na Amurka da bashi ya yi wa katutu har sai da aka yi masa doka ta musamman. Ƙasar da ke buga dala da kanta ta ya yankinta zai kasa biyan bashi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Tsibirin Puerto Rico kenan, Amurka ta karɓe shi daga hannun Sifen a 1898, mutanensa 'yan Amurka ne amma shi ba jiha ba ne kuma ba ƙasa ba, sannan buga dalar ba a hannunsu yake ba.

Tun da aka gama janye rangwamen harajin da ke jawo kamfanoni a 2006 tattalin arzikinsu ya shiga wani hali, gwamnati ta riƙa cin bashi tana toshe giɓin kasafi har ya haura dala biliyan 70, ban da kuɗin fansho kusan biliyan 50. A 2015 gwamna Alejandro García Padilla ya fito ƙarara ya ce bashin nan fa ba zai biyu ba.

Majalisar tsibirin ta yi tata dokar a 2014 don sassauta bashin hukumomi irin na wuta da ruwa, Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta a 2016, alhali tun 1984 an cire su daga dokar da ke bai wa birane kamar Detroit damar zuwa kotu su ce sun karye. Gaba kura baya siyaki kenan.

Sai majalisar Amurka ta yi dokar PROMESA, Obama ya sa hannu ranar 30 ga Yuni 2016. Ta dakatar da ƙararrakin masu bin bashi na wani lokaci, ta kuma kafa kwamitin mutum 7 da shugaban ƙasa ke naɗawa, wanda sai ya amince kasafi zai wuce. Ni nan ne abin bai kwanta min ba gaskiya, mutanen da ko shugaban ƙasar ba sa zaɓa an ɗora musu masu riƙe lalita, su kam "la junta" (wato kwamiti da Sifaniyanci) suke ce masa.

An shiga kotu a Mayun 2017, guguwar Maria ta zo a Satumba ta ƙara dagula komai. Sai Janairun 2022 mai shari'a Laura Taylor Swain ta amince a rage wani ɓangare na bashin daga dala biliyan 33 zuwa kusan 7. Na kamfanin wutar lantarki PREPA ba ya cikin wannan yarjejeniya, shari'arsa daban.